Yadda ake saita katunan sadarwa a kwamfutar da ke tsaron intanet ɗin gida

A 'yan shekarun baya, intanet a gida bai wuce wayar hannu guda da ake saya wa data ba. A yau kuwa, a gidaje da shaguna da dama na biranenmu, layi ɗaya mai sauri, na faiba ko na 4G da 5G ko na tauraron ɗan'adam, shi ke ɗauke da komai: kwamfutar da ma'aikaci ke rubuta takardun ofis, wayar da ɗan kasuwa ke tura kuɗi da ita, talabijin ɗin yara, da kyamarorin da ke kallon ƙofar shago. Kowace na'ura daga cikinsu ƙofa ce da wani zai iya ƙwanƙwasawa daga nesa.

Wannan ba tsoratarwa ba ce. A ranar 21 ga Oktoban 2016, wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta yi amfani da dubban kyamarorin tsaro da rautocin gidajen mutane wajen kai wa kamfanin Dyn na Amurka hari, lamarin da ya hana jama'a da dama shiga shafuka irin su Twitter da Netflix na tsawon sa'o'i. Dabarar Mirai ba ta da wani zurfi. Zagayawa take yi a intanet tana gwada sunaye da kalmomin sirri kimanin 60 da kamfanoni ke sa wa na'urorinsu tun daga masana'anta, duk wadda ta buɗe sai ta mallake ta. Akasarin masu na'urorin ba su ma san an shiga musu ba.

Ɗaya daga cikin hanyoyin rigakafi ita ce a ware kwamfuta guda, a sa mata manhajar da ake kira katangar tsaro, a girke ta tsakanin layin intanet da sauran na'urorin gida. Manhajojin da ke wannan aiki kyauta ake samun su. Akwai pfSense da aka fara fitarwa a 2006, da OPNsense da wani kamfanin ƙasar Holan mai suna Deciso ya fitar a 2015, da kuma IPFire. Sai dai kowacce aka zaɓa, ingancin tsaron yana rataye ne a kan abu guda: katunan sadarwar da ke jikin kwamfutar, da sanin wanne ke fuskantar waje, wanne ke fuskantar cikin gida.

Me ya sa sai da kati biyu?

Katin sadarwa shi ne ɓangaren kwamfuta da ke da kafar da ake soka kebul ɗin intanet, wadda ta yi kama da ta wayar tarho ta dā amma ta fi ta faɗi. Yawancin kwamfutocin tebur da kafa ɗaya suke zuwa, domin aikinsu karɓar intanet ne kawai. Kwamfutar tsaro kuwa karɓa take yi ta tace sannan ta miƙa, saboda haka tana buƙatar kafa biyu a ƙalla.

Misali mafi kusa shi ne zauren gidan Bahaushe. Zaure yana da ƙofa biyu, ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana kallon tsakar gida, kuma babu mai shiga ciki sai ya ratsa ta gaban mai gida. Katin da ke kallon titi shi ne wanda za a gani a allon kwamfuta da sunan WAN, shi ake haɗawa da modem ɗin kamfanin intanet. Wanda ke kallon tsakar gida kuma sunansa LAN, shi ake haɗawa da na'urorin iyali. IPFire da launi take rarrabe su: ja na waje, kore na ciki, shuɗi na Wi-Fi, ruwan lemo kuma na na'urorin da ake son keɓewa.

Dokokin da manhajar ke zuwa da su sun bambanta ƙwarai a kan katunan biyu. A katin waje, duk saƙon da ya taho ba tare da wani na ciki ya nema ba, mayar da shi ake yi. A katin ciki kuwa, an yarda da kowa: an bar shi ya fita intanet, an kuma bar shi ya ga shafin da ake sarrafa katangar kanta. Wannan ne dalilin da ya sa musanya kebul biyun ba ƙaramin kuskure ba ne. Idan aka soka kebul ɗin modem a katin ciki, gida zai rasa intanet, sannan shafin sarrafawar zai koma yana kallon waje.

Zaɓen kwamfuta da kati

Ba a buƙatar sabuwar kwamfuta. Tsohuwar kwamfutar tebur da ofis ya daina amfani da ita, matuƙar ƙwaƙwalwarta mai bit 64 ce, tana da RAM na gigabait 4 da ma'ajiya ta gigabait 40 zuwa sama, ta ishi gida ko shago. A lura cewa sa manhajar yana share duk abin da ke cikin ma'ajiyar, don haka a kwashe takardu da hotuna tun kafin a fara.

Wajen sayen kati na biyu, abubuwa uku za a duba. Na farko shi ne sauri. Tsofaffin katuna iyakarsu megabit 100 a daƙiƙa, sababbi kuma megabit 1,000, wato gigabit ɗaya. Wanda ke biyan kuɗin layi mai megabit 200 amma ya sa tsohon kati, rabin kuɗinsa yake zubarwa, domin abin da zai samu ba zai wuce 100 ba.

Na biyu shi ne irin ramin da katin zai zauna a ciki. Kwamfutocin zamani suna amfani da rami mai suna PCIe, tsofaffi kuma PCI, kuma katin wannan ba ya shiga ramin wancan. Haka nan siraran kwamfutocin ofis suna buƙatar kati mai gajeren ƙarfen ɗauri. Ya fi kyau a buɗe kwamfutar a ɗauki hoton cikinta a nuna wa mai sayarwa.

Na uku shi ne kamfanin da ya ƙera ƙwayar da ke kan katin. pfSense da OPNsense an gina su ne a kan tsarin FreeBSD, wanda aka san ya fi jituwa da katunan Intel. Katunan Realtek sun fi araha kuma suna aiki, amma an fi samun kukan yankewa a kansu idan aiki ya yi nauyi. Akwai kuma 'yar na'urar da ake sokawa a kafar USB ta zama kafar kebul. Tana maganin gaggawa, amma ba abar dogaro ba ce ga kwamfutar da za ta kwana ta wuni a kunne. Idan da hali, kati guda mai kafa biyu ko huɗu ya fi sauƙin sha'ani, domin kowace kafa a matsayin kati mai zaman kansa kwamfutar ke ɗaukar ta.

Kebul ma yana da nasa hukuncin. A nemi mai lamba Cat5e ko Cat6, kuma kada tsawonsa ya wuce mita 100. Siraran wayoyi takwas ne a cikinsa. Gigabit yana buƙatar dukkansu, megabit 100 kuwa huɗu kawai yake amfani da su. Shi ya sa kebul ɗin da waya ɗaya ta tsinke a cikinsa yakan ci gaba da aiki, amma saurin ya faɗo zuwa 100 ba tare da kowa ya san dalili ba.

Sanya katin a mazauninsa

A kashe kwamfutar, a zare wayarta daga soket, a danna maɓallin kunnawa sau ɗaya domin sauran wutar da ke ciki ta fita. Kafin a taɓa katin, a dafa ƙarfen jikin kwamfutar. Wannan ya fi muhimmanci a lokacin hunturu, sa'ad da iska ke bushewa jikin mutum ke tara lantarkin da ke iya lalata ƙananan sassa. A riƙe katin ta gefunansa, kada a taɓa haƙoransa masu ruwan zinare. A danna shi cikin ramin har ya zauna daram, a ɗaure shi da noti, a busa ƙurar da ta taru a fanka, sannan a rufe.

Kafin a rufe, akwai abin da zai rage wahala nan gaba. Kowane kati yana da lambar shaida tasa shi kaɗai da ake kira MAC, mai haruffa da lambobi 12 da aka jera biyu-biyu. Sau da yawa tana rubuce a 'yar takardar da aka manna a jikin katin. A kwafe ta a ajiye.

Gane wane kati ne wane

Bayan an sa manhajar daga filash an sake kunna kwamfutar, za ta nuna jerin katunan da ta gani. Ba za ta ce "na sama" ko "na ƙasa" ba, da gajerun sunaye za ta kira su. A FreeBSD, katunan Intel sukan fito da suna kamar em0 ko igb0 ko igc0, na Realtek kuma re0. Idan katuna biyu iri ɗaya ne, na farko zai ƙare da 0, na biyu da 1. A tsarin Linux kuwa, za a ga suna kamar eth0 ko enp1s0, ko kuma sunan kamfanin da lambar MAC.

A nan ne mutane da yawa ke yin tuntuɓe, domin tsarin lambobin ba dole ne ya bi yadda kafofin suke jere a bayan kwamfuta ba. OPNsense, idan aka bar ta ta zaɓa da kanta, katin farko take mayarwa na ciki, na biyu na waje, kuma ba kowace manhaja ke bin wannan tsari ba. Saboda haka kada a yi zato.

Hanya biyu ce ta tabbatarwa. Ta farko, a gwada lambar MAC da aka kwafe da wadda ke gefen kowane suna a allo. Ta biyu, wadda ta fi sauƙi, a zare dukkan kebul. Idan pfSense ko OPNsense ta nemi sunan katin WAN, a rubuta harafin "a", a soka kebul ɗin modem a kafar da ake so, a jira fitilarta ta kama, sannan a danna maɓallin shigarwa. Manhajar za ta gane kafar da ta farka ta ba ta wannan matsayi. A maimaita haka ga LAN da kebul ɗin da ke haɗe da wata kwamfutar a kunne.

Da zarar an gama, a manna takarda a bayan kwamfutar a rubuta "waje" da "ciki" a kan kafofin. Idan da hali, a yi amfani da kebul masu launi dabam-dabam. Ranar da yaro ko mai shara ya zare su, wannan takarda ce za ta hana a mayar da su a karkace.

Saita katin waje

Katin waje daga kamfanin intanet yake samun adireshinsa, kuma hanya uku ce aka saba. Wadda ta fi yawa ita ce DHCP, inda katin ke roƙon adireshi a ba shi kai tsaye, ba sai an rubuta komai ba. Ita ake amfani da ita da rautocin 4G da 5G da kuma Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023. Ta biyu ita ce PPPoE, wadda wasu kamfanonin faiba ke amfani da ita, kuma tana buƙatar suna da kalmar sirri da kamfanin zai bayar. Ta uku ita ce tsayayyen adireshi, wanda galibi ma'aikatu ke biya dominsa. A nan sai an rubuta lambobin da kamfanin ya bayar daidai, ba ƙari ba ragi. Wanda bai san wacce layinsa ke bi ba, ya tambayi kamfanin kafin ya fara.

Yawancin akwatunan da kamfanoni ke kawowa modem ne kuma rauta ne a haɗe, wato su ma suna raba adireshi. Idan akwatin yana da zaɓin mayar da shi gada kawai, wanda ke miƙa layin ga kwamfutar tsaro ba tare da ya sa baki ba, hakan ya fi tsafta. Idan babu, ba laifi, za a iya barin sa yadda yake, intanet zai yi aiki ta cikin su biyun.

Wani abin lura: idan adireshin da katin waje ya samu ya fara da lamba tsakanin 100.64 da 100.127, alama ce cewa kamfanin ya haɗa masu amfani da yawa a kan adireshi guda. Wannan ba matsala ba ce ga lilo a intanet, amma buɗe kafa domin kallon kyamarar shago daga nesa ba zai yi aiki ba.

Saita katin ciki

Katin ciki mai gida ne ke ba shi adireshi, daga cikin rukunan da aka keɓe wa cikin gida a duk duniya: waɗanda suka fara da 10, da waɗanda ke tsakanin 172.16 da 172.31, da waɗanda suka fara da 192.168. pfSense da OPNsense dukkansu da 192.168.1.1 suke zuwa. Matsalar ita ce, rautoci da dama na kamfanoni ma wannan lambar suke amfani da ita. Idan waje da ciki suka faɗa rukuni ɗaya, kwamfutar za ta rasa ta wace ƙofa za ta fitar da saƙo, kamar ɗan aiken da aka ba wasiƙa zuwa layi biyu masu suna ɗaya. Fitilu za su kama, amma shafi ba zai buɗe ba.

Maganin shi ne a sauya lamba ta uku. A ba katin ciki, misali, 192.168.50.1, a zaɓi 24 a gurbin girman rukuni, wanda daidai yake da 255.255.255.0. Wannan yana ba da gurbin na'urori 254. Sannan a kunna DHCP a kan katin ciki kaɗai, a ce ya raba daga 192.168.50.100 zuwa 192.168.50.199. Lambobin ƙasa a bar su ga na'urorin da ake son adireshinsu ya tsaya wuri ɗaya, kamar firinta da akwatin naɗar hoton kyamara.

Daga nan sai a haɗa wata kwamfutar da katin ciki, a buɗe burauza, a rubuta adireshin. Aikin farko a wannan shafi shi ne sauya kalmar sirri. Wadda pfSense ke zuwa da ita "pfsense" ce, ta OPNsense kuma "opnsense", kuma duk mai sha'awar kutse ya san su. Barin su haka maimaita kuskuren da Mirai ta ci gajiyarsa ne.

Mai shagon da ke ba abokan ciniki Wi-Fi, ko mai kyamarori da yawa, zai amfana da kati na uku. A ba shi rukuninsa dabam, kamar 192.168.60.1, a rubuta dokar da ta bar shi ya fita intanet amma ta hana shi isa ga rukunin da kwamfutar lissafi take. A pfSense da OPNsense, ƙarin kati a kulle yake zuwa, babu abin da zai wuce ta kansa sai an rubuta masa doka.

Tsagar da aka fi mantawa da ita

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar da ta fi yawa a wannan aiki ita ce Wi-Fi na akwatin kamfani. Akwatin yana wajen katanga ne. Duk wayar da ta ci gaba da shiga ta Wi-Fi ɗinsa, ta kewaye kwamfutar tsaro gaba ɗaya, kuma duk wahalar da aka sha ba ta shafe ta ba. Dole a kashe shi.

Wi-Fi na gida daga bayan katin ciki ya kamata ya fito. Tsohuwar rauta tana iya wannan aiki: a kashe DHCP ɗinta, a ba ta adireshi daga rukunin gida kamar 192.168.50.2, a soka kebul daga katin ciki zuwa ɗaya daga kafofinta na LAN, a bar kafarta ta WAN babu komai. Sauran kafofin nata sai su zama wurin jona kwamfutoci da talabijin.

Gwaji da warware matsala

Gwaji daga kusa ake fara shi zuwa nesa. A duba fitilar kowace kafa. Idan ba ta kama ba, matsalar kebul ce ko katin bai zauna ba. Sannan a duba adireshin da kwamfutar gida ta samu. Idan ya fara da 169.254, ma'anarsa ta roƙi adireshi ba wanda ya amsa mata, wato ko DHCP a kashe yake, ko an soka kebul a kafar da ba ita ba. Bayan haka a yi amfani da umarnin ping a gwada 192.168.50.1, sannan a gwada 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare. Idan lambobin sun amsa amma sunayen shafuka ba sa buɗewa, layin lafiya yake, saitin DNS ne ke buƙatar gyara, wato sashen da ke fassara suna zuwa lamba.

Idan katin waje ya ƙi samun adireshi, a kashe modem ɗin na minti biyu a sake kunnawa, domin wasu suna riƙe lambar MAC ta na'urar da suka fara gani. Idan kuma a layin PPPoE wasu shafuka na buɗewa wasu na tsayawa a rabi, a duba girman ƙunshin saƙo da ake kira MTU. Na kebul 1500 ne, na PPPoE kuwa 1492.

Batun wuta, da iyakar katanga

Tunda duk intanet ɗin gida ta cikin wannan kwamfuta zai bi, in ta mutu, kowa ya yanke. Wannan babban abin dubawa ne a inda wutar lantarki ba ta da tabbas. Kwamfutar tebur da ke jan wat 80 dare da rana tana cin kimanin yunit 58 a wata, ƙaramar kwamfuta mai wat 10 kuwa kimanin yunit 7. Ga mai mitar kati ko mai dogaro da inbata da sola, wannan bambanci kan iya sa sayen ƙaramar ya fi amfani da tsohuwar riba. Ko wacce aka zaɓa, a shiga saitin BIOS a kunna zaɓin da ke sa ta tashi da kanta idan wuta ta dawo, a kuma jona ta da modem ɗin a kan UPS guda. Da damina, kebul ɗin da ya ratsa waje tsakanin gini biyu yana iya ɗauko tsawa ya ƙona kati, don haka a zare shi idan hadari ya haɗu.

Ya kamata mai karatu ya san iyakar abin da ya gina. Katangar tana tare baƙon da ya zo ba a gayyace shi ba. Ba ta hana mutum danna mahaɗin ƙarya da aka turo masa ta WhatsApp, ba ta kuma hana shi karanta wa ɗan damfara lambar sirrin banki ta waya. Haka kuma wayar da ta koma kan datar layinta ta fita daga ƙarƙashin kariyar. Abin da ya rage bayan saiti shi ne kulawa: a riƙa sabunta manhajar duk lokacin da sabon zubi ya fito, a sauke kwafin saitin a ajiye a filash, a kuma rubuta sunayen katunan da lambobinsu na MAC da adireshinsu a takarda guda a ajiye kusa da kwamfutar. Ranar da kati ya ƙone aka sauya shi, manhajar za ta sake tambayar wanne ne na waje, wanne ne na ciki, kuma wannan takarda ce za ta ba da amsa.